Mai Karɓar Aikin Sista

Likita ya ce ba za ta kai Lahadi ba. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta, Mama tana nan kwance a ƙaramin ɗakin da ke ƙuryar ɓangaren mata, tana jan numfashi kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Abinci ta daina ci. Ruwa ma sai Auta ta jiƙa auduga ta goga mata a leɓe. Jijiyoyin hannunta sun ɓuya, har nas-nas suka gaji da neman inda za su sa mata ƙarin ruwa. Shi kansa likitan ya daina yanka rana. In ya shigo sai ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin zuciya mai taurin kai irin wannan ba.

Auta ce ke jinyarta. Sunan ne kawai ya maƙale mata, amma ita ma furfura ta fito mata, har jika gare ta. Ita ce ta ajiye aikin koyarwa ta dawo gida tun lokacin da Mama ta fara ajiye makulli a cikin tukunya, tana fita da sassafe neman hanyar da ta yi shekara da shekaru tana bi. Ita ke wanke ta, ita ke canza mata zane, ita ke kwana a kan kujerar roba har ƙafafunta suka kumbura. Kuma a duk gidan, ita kaɗai ce Mama ta manta.

Wannan abu shi ke cin ran Auta, ba gajiya ba. Mama tana gane Yaya, ɗanta na fari, wanda ke zuwa jefi-jefi yana ƙamshin turare, waya manne a kunne. Tana gane Fasto tun daga tarinsa. Waƙoƙin coci kuwa, ko baiti ɗaya bai ɓace mata ba. Amma in Auta ta sunkuyo kanta, sai Mama ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙo, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike jinya?"

"Ke, Mama."

"Ayya. Allah ya ba ta lafiya."

Auta ta daina roƙon Allah ya tashi kafaɗar Mama, ta san an wuce nan. Abu ɗaya take roƙo, tana ma jin kunyar roƙonsa: kafin Mama ta tafi, ta dube ta ko sau ɗaya ta san wace ce.

A wannan asibiti babu mai ce mata Mama. Sista ce, kamar yadda ake kiran manyan nas-nas. A nan ta ƙarar da ƙuruciyarta da ƙarfinta, tun ginin yana hawa ɗaya, tun ana tafasa allura a tukunya a sake amfani da ita. Mijinta ma, Baba, har ya koma ga Ubangiji Sista yake ce mata, ko suna faɗa. Gidanta haka ta tafiyar da shi kamar ɗakin marasa lafiya: zanen gado a ja shi tsaf har kusurwa, a wanke hannu har gwiwa, farce a yanke. A gidansu ba a ƙaryar ciwon kai don gudun makaranta, domin kafin ka gama nishi ma'aunin zafi yana ƙarƙashin hammatarka, kuma kana jin ƙarar kwanon allura daga ɗaki. Yaya ya taɓa gwadawa. Da gudu ya isa makaranta ranar, ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba.

Ranar Lahadi kuwa, in ta yi aikin dare, ba ta biyawa gida. Kai tsaye take wucewa coci da farar rigarta, tana warin maganin asibiti, idanunta jawur don rashin barci. Ba ta taɓa zama a gaba ba, duk da an sha roƙonta. Wurinta ƙarshen benci ne, daf da ƙofa, domin wai kada mai nemanta ya sha wahalar ratsa mutane. Kuma ana zuwa ɗin. Abin da Auta ta fi tunawa na yarintarta shi ne bayan Mama: ana tsakiyar waƙa, wani ya leƙo ya yafuto ta, ta ajiye littafin a kan benci a buɗe, ta fita ba ta waiwayo ba. Mutanen gari suna cewa sun yi dace da uwa. Auta kuwa ta daɗe tana ganin su 'ya'yan cikinta saura kawai suke samu.

To, abin da ya ɗaure wa kowa kai a wannan kwanciya shi ne safiya. Wuni guda Mama tana kwance kamar babu ita. Amma da zarar gari ya waye, aka fara jin ƙarar keken magunguna a baranda da takun takalman masu aikin safe, sai ta buɗe ido tar. Ta yunƙura za ta tashi. Ta shafa ƙirjinta na hagu, ta sake shafawa. Ta miƙa hannu tana gyara zanen gado, tana jan kusurwa da yatsun da ko cokali ba sa iya riƙewa. Sannan ta kafa wa ƙofa ido. Haka za ta yi ta kallo, gumi na keto mata, numfashi na sarƙewa, har baranda ta yi shiru. Daga nan sai ta koma ta kwanta da wani nishi mai tsinka zuciya, a shiga wani wunin na azaba.

Kowa ya yarda wani take jira. Aka kira Yaya, ya baro harkokinsa ya zo, ya durƙusa a gaban gado yana kuka kamar ba shi ne mai ba ma'aikata umarni ba. Ta shafa kansa, ta ce ya yi ƙiba da yawa, ya rage gishiri. Washegari ta koma kallon ƙofa. Aka ɗauko Inna, ƙanwarta, a keken guragu daga nesa. Aka nemo tsohuwar maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga maciji saboda wata bishiya da ke zubar da ganye a tsakar gidanta. Matar ta zo da hawaye tana neman gafara, Mama ta tambaye ta ko tana shan maganin hawan jininta. Fasto ya kawo matan coci suka yi waƙa a hankali, ya yi addu'a, ya sunkuya ya ce mata ta yi tseren ta gama, ta huta, babu wanda ke riƙe da ita. Ta ce amin da kyau. Gari na wayewa ta sake yunƙurin tashi.

Ana cikin haka Babbar Nas ta dawo daga hutu. Mace ce mai jiki, ta kusa ritaya, wadda in aka ji takunta a baranda har masu shara suke gyara tsayuwa. Amma da ta iso ƙofar ɗakin Mama, Auta ta ga ta tsaya ta gyara hularta, ta duba faratanta, sannan ta shigo. Mama ce ta koya mata aiki tun tana ɗaliba. Ta tsaya a jikin bango, ta ga shafar ƙirjin, ta ga jan zanen, ta ga kallon ƙofar. Da Mama ta koma ta kwanta, sai ta yafuto Auta suka fita baranda.

Babbar Nas ta tambaye ta ko ta san abin da Sista ke nema a ƙirjinta. Auta ta ce ta ɗauka ciwo ne. Babbar Nas ta nuna ɗan agogon da ke maƙale a nata ƙirjin, irin wanda nas-nas ke dubawa in suna ƙirga bugun jini. Ta ce a aikinsu akwai doka ɗaya da ba a takawa: wadda ta kwana a kan aiki ba ta tafiya gida sai ta safe ta zo, sun bi gado-gado, ta faɗa mata halin kowane majinyaci, ita kuma ta ce ta karɓa. Kafin nan ran kowa a ɗakin yana wuyanta. Ta ce Sista ba ta taɓa wasa da wannan ba. Shekarar da ruwa ya cinye gada masu aikin safe suka kasa zuwa, a tsaye ta kwana ta wuni ta sake kwana. Ita kanta Babbar Nas, tana ɗaliba, ta taɓa sulalewa ba ta miƙa aiki ba, Sista ta bi ta har tashar mota ta fito da ita daga cikin bas a gaban jama'a.

"Ba ɗan'uwa take jira ba," in ji Babbar Nas. "Mai karɓarta take jira. In kin yarda, gobe da safe in shigo in karɓa."

"In kika karɓa fa?"

"Sai ta sauka."

Auta ta san gaskiya ne, tun kafin a rufe baki ta sani. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne a'a, a dakata tukuna. Babbar Nas ba ta tambaye ta dalili ba. Ta dai ce ofishinta yana ƙarshen baranda.

Yaya da ya ji, cewa ya yi wasan kwaikwayo ne, amma in zai kwantar wa mutane da hankali shi ba ruwansa. Fasto kuwa ya ce shi ya ba ta izini da sunan ikilisiya bai yi aiki ba, ashe ba a hannunsa takardar sallamar take ba. Dukansu suka zuba wa Auta ido, domin ita ce mai jinya.

Wunin ranar Auta ta yi duk abin da ta iya. Ta zauna a bakin gado ta riƙe fuskar Mama da hannu biyu. Ta nuna mata tabon da ke goshinta, wanda Maman da kanta ta ɗinke a kan teburin cin abinci. Ta ba ta labarin ranar aurenta, da sunan da ta sa wa ɗiyarta. Ta ce, ni ce Auta, Mama, ni ce ta ƙarshe, ki dube ni. Mama ta dube ta da tausayi, ta ce Allah ya raya yarinyar, ya sa ta ji ƙan iyayenta.

Washegari aka sake yi. Keken magunguna ya wuce, Mama ta yunƙura, wannan karon har ta ɗaga kafaɗa daga katifa, leɓenta ya tsage jini ya fito. Auta tana riƙe da ita tana jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannu, tana jin yadda jikin nan da babu komai a cikinsa yake ta ƙoƙarin miƙewa tsaye. A nan kunya ta kama ta, kunya mai zafi. Mace ta yi aiki tun kafin a haife ta, ƙafafunta sun gaji, ita kuma ta tsare ƙofa ta hana ta tafiya gida saboda tana son a kira sunanta. Ta kwantar da Mama, ta goge mata leɓe, ta wanke nata idon a famfo, ta nufi ƙarshen baranda.

Safiyar da ta biyo baya Babbar Nas ta zo cikin farar riga mai guga, hula zaune daram, agogo a ƙirji. Yaya da Fasto suna tsaye a jikin bango, Inna tana kekenta, Auta tana kujerarta ta roba a gefen gado. Aka ji keken magunguna. Mama ta buɗe ido, ta shafa ƙirji, ta juya ga ƙofa. Aka ƙwanƙwasa.

"Barka da asuba, Sista. Na zo karɓar aiki."

Mama ta dube ta daga hula har takalmi. Muryar da ta fito daga wannan ƙirji ba ta tsohuwar da suke jinya ba ce. Siririya ce, amma a tsaye take.

"Ɗaliba, kin makara."

"Ki yi haƙuri, Sista."

"Matso. Mu fara daga bakin ƙofa."

Ɗakin gado ɗaya ne, sai bango da taga da kwandon shara. Amma yatsan Mama ya ɗaga ya nuna kusurwa, idonta ya tsaya a can kamar akwai mutum kwance. Ta ce wannan matar mai gyaran keke ce, amai da gudawa, ta sha ruwan gishiri da sukari sau da yawa cikin dare, a ci gaba da ba ta ko tana turewa. Yatsan ya matsa. Wannan tsohuwa ce da 'ya'yanta suka ajiye suka tafi, a riƙa juya ta kada kwanciya ta ci mata baya, kuma a riƙa yi mata hira, domin kaɗaici ne ke kashe ta ba ƙafar ba. Wannan yarinya ce, naƙuda ta yi mata tsawo, tana jin tsoro, kada kowa ya daka mata tsawa. Babbar Nas tana biye da yatsan, tana cewa to, Sista, to, Sista.

Auta ta bi yatsan da kallo. Mutanen nan wasu sun mutu tun kafin a yi wa ɗakin nan fenti na farko, amma ga su Mama ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kowa da ciwonsa da halinsa da abin da yake tsoro. Matar da ba ta san sunan abin da ake shan ruwa da shi ba, ashe duk wannan jama'a tana ɗauke da su a ka, ba ta sauke ko ɗaya ba.

Yatsan ya sauka ƙasa-ƙasa, kamar mai nuna kwali. Ta ce jariri ne, bakwaini, uwar ba ta tashi ba. An naɗe shi a auduga, a canza masa kwalbar ruwan ɗumi, a ba shi madara da ɗan cokali. "Likita ya ce ba zai yi ba. Kada ki saurare shi. Zai yi." Fasto, ƙaton mutum mai furfura wanda muryarsa ke cika coci ba lasifika, ya silale a jikin bango ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu. Duk ikilisiya ta san a kwali aka rene shi, shi da kansa yake ba da labarin ana dariya. Ranar babu wanda ya yi dariya.

Ta nuna wajen taga, har da ɗan murmushi. Ta ce wancan mai ciwon suga ne, mai bakin zaƙi, zai rantse miki bai ci komai ba, ki ɗaga matashinsa za ki ga alewa. Yaya ya ce "Baba" a hankali, ya cusa wayarsa a aljihu.

Sai yatsan ya tsaya a wani wuri ya daɗe. Fuskar Mama ta canza. Ta ce wannan yaro ne, zazzaɓi, an kawo shi daga gida tana kan aiki, ya tafi kafin asuba. Ta wanke shi da kanta, ta rufe shi. Babbar Nas ta tambaya a hankali ko an sanar da uwarsa.

"Uwarsa ta sani," in ji Mama. "Tana da sauran gadaje. Mu je."

Inna ta fashe da kuka mara sauti. Auta ta taɓa jin an ce an haifi wani ɗa tsakaninta da Yaya, amma ba ta taɓa jin Mama ta ambace shi ba, ko a addu'a.

Numfashin ya fara gajarta. Yatsan ya zagayo bango ya ƙare, ya dawo kusa, ya tsaya a kan kujerar roba.

"Wannan ba a kwantar da ita ba," in ji Mama. "Mai jinya ce. Amma ki sa mata ido fiye da kowa. Ba ta ci, ba ta barci, ƙafafunta sun kumbura. In kin tambaye ta za ta ce lafiyarta ƙalau." Ta tsaya ta nemi iska. Idonta yana kan Auta, bai kauce ba. "Kada ki yarda. Tun tana ƙarama haka take."

Babbar Nas ta gyara tsayuwa, ta haɗa ƙafafu.

"Shi ke nan, Sista?"

"Shi ke nan."

"Na karɓa."

Mama ta ce madalla. Ta sauke hannu a kan zanen gado, kafaɗunta suka saki, goshinta ya warware. Ta juya kai gefe ta yi barci, barci na gaske, irin wanda Auta ba ta ga ta yi ba tun da suka shigo asibitin. Auta ta riƙe hannunta. Rana ta hau, ta shigo ta taga ta kwanta a kan gado. Ba su san daidai lokacin da numfashin ya tsaya ba, sai da Babbar Nas ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, ta dubi agogonta, ta rufe mata ido.

Fasto ya tashi daga ƙasa da ƙyar ya yi addu'a, rabinta ba a ji ba. Yaya ya fita sanar da dangi. Aka tura Inna waje. Nas-nas na ɗakin, har da waɗanda ba su taɓa aiki da ita ba, suka jeru a bakin ƙofa.

Auta tana zaune a bencin baranda, hannuwanta a cinya, ta rasa abin da za ta yi da su, sai ga Babbar Nas da kofin shayi da burodi a faranti. Ta jawo wata kujera, ta ɗaga ƙafafun Auta ta ɗora a kai, ta danna yatsa a idon sawunta ta ga yadda ya lotsa. Sannan ta miƙa mata kofin.

"Bar shi kawai, na gode," in ji Auta. "Lafiyata ƙalau."

"An riga an gaya mini," in ji Babbar Nas. "Sha."